Ƙaryar ranar ɗauka: Fafutukar korarrun sojojin ruwan Amurka ta wanke takardar sallama

Duk matashin da zai zama ƙaramin sojan ruwa a Amurka, ƙofa ɗaya ce tak zai bi: barikin horaswa na Great Lakes, a bakin tafkin Michigan, arewa da birnin Shikago a jihar Illinois. Tun 1911 ake horar da kurata a wurin, kuma tun da aka daina horon a Orlando da San Diego a shekarun 1990, shi kaɗai ya rage. Kimanin mutum dubu arba'in ne ke ratsawa ta cikinsa duk shekara. Galibi da dare motoci ke kwaso su daga filin jirgin sama na O'Hare. Da saukarsu za a ba kowa 'yan daƙiƙu ya kira gida ya ce ya iso lafiya, a karɓe kayan jikinsa, a miƙa masa 'yar roba ya yi fitsari a ciki.

Cikin kwanakin farko, kafin horo ya kankama, ana tara sababbin zuwa a wani zaure don zaman da su kansu suke kira Lokacin Gaskiya. Jami'i zai tsaya gabansu ya tunatar da su takardun da suka sa wa hannu, ya karanto hukuncin wanda ya yi wa gwamnati ƙarya, sannan ya ce duk wanda ya san ya ɓoye wani abu, ciwo ne ko kamun 'yan sanda ko shaye-shaye, to yanzu ne damarsa ta ƙarshe. Yara ne 'yan shekara sha takwas zuwa ashirin da 'yan kai, ba su yi barcin kirki ba, an aske musu kai, ko'ina tsawa. Sai ka ga ɗaya ya miƙe, wani ya bi bayansa. Cikin waɗanda suka miƙe akwai wanda za a saurara, a yafe masa, ya koma layi. Akwai kuma wanda daga nan za a wuce da shi sashen masu jiran sallama, ya yi makonni yana shara da goge-goge, daga ƙarshe a ba shi tikitin komawa gida da takarda ɗaya wadda zai riƙa nunawa har tsufansa.

Sunan takardar DD 214. Shafi ne mai ɗauke da ƙananan gidaje, kowane da lambarsa. Gida na 24 yana faɗin irin sallamar da aka yi wa mutum. Na 26 wasu haruffa uku ne da ma'aikata suka san ma'anarsu. Na 27 yana nuna ko za a iya sake ɗaukarsa, kuma idan aka rubuta RE-4, an rufe wannan ƙofar ke nan. Gida na 28 shi ne mai ciwo, don a nan ake rubuta dalilin sallama da baƙaƙe ɓaro-ɓaro, yadda kowane mai ɗaukar aiki zai karanta ya gane: ya shiga aikin soja ta hanyar yaudara, kan shan ƙwaya.

Laifin da ake tuhuma

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shan tabar wiwi kafin shiga aiki, in dai ba ta zama jiki ba, yawanci ba ya hana a ɗauki mutum. Wanda ya ce ya taɓa busawa sau biyu ko uku yana makarantar sakandare, ana rubutawa a wuce wurin. In abin ya fi haka nauyi, ko ya haɗa da hodar iblis da makamantanta, akwai hanyar neman a ɗaga ƙafa, ko da yake ba kowa ke samu ba. Wasu ayyukan kuma, irin su kula da injin nukiliya da leƙen asiri, sharuɗɗansu sun fi tsauri nesa ba kusa ba. Ɓoyewar ce laifin.

A dokar sojan Amurka laifin yana da sashe nasa. Shekara da shekaru sashe na 83 ne, sai gyaran da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019 ya mayar da shi sashe na 104a. Kafin a kama mutum da shi, sai an tabbatar cewa da saninsa ya yi ƙarya ko ya ɓoye wani abu mai muhimmanci game da cancantarsa, cewa da wannan ƙaryar aka ɗauke shi, kuma ya karɓi albashi ko alawus a kanta. Wato ranar da kuɗin gwamnati ya shiga asusunsa, ranar laifin ya cika. Iyakar hukuncin shi ne korar wulaƙanci, ƙwace albashi, da ɗaurin shekara biyu.

Sai dai da wuya a kai ƙaramin kurtu kotun soja kan wannan. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, ga lauyoyi, ga shaidu. Hanyar ofis ta fi sauƙi. Kundin dokokin ma'aikata na rundunar yana da babi na musamman, mai lamba 1910-134, kan sallamar wanda ya shigo da yaudara. Za a ba shi takardar sanarwa, a gaya masa yana da 'yancin ganin lauya da rubuta bayanin kare kai. Zaman kwamitin sauraro kuwa sai ga wanda ya shekara shida yana aiki, ko wanda ake shirin yi wa sallama mai muni. Yaron da ya ƙosa ya bar wurin, wanda aka nuna masa cewa jayayya za ta ƙara masa kwanakin zama, sau da yawa yakan sa hannu ya ce ya yafe duk haƙƙoƙin nan. Bayan shekara goma, wannan sa hannun shi ne abu na farko da masu sake duba lamarinsa za su ɗora yatsa a kai.

Irin sallamar ta danganta da daɗewar mutum. Wanda aka kora a farkon shiga ana ba shi sallamar da ba a yi mata hukunci ba, ba yabo ba fallasa. Da kwana 180 ne iyakar wannan matakin, amma daga Disambar 2022 aka tsawaita shi zuwa kwana 365. Wanda asirinsa ya tonu bayan haka yana iya samun sallamar girmamawa, ko ta gama-gari, ko wadda ke ƙasa da girmamawa. Bambancin ba na suna ba ne kawai. Tallafin karatu na tsofaffin sojoji, wanda shi ne ya ja matasa da yawa shiga aikin tun farko, sai mai cikakkiyar sallamar girmamawa yake samu. Mai ta gama-gari ya rasa shi. Mai ta ƙasa da girmamawa kuwa har asibitin tsofaffin sojoji yana iya zame masa abin kai-kawo.

Asirin yakan tonu ta hanyoyi kaɗan da aka saba. Ko dai fitsarin daren isowa, don sinadarin wiwi yana iya kai wata guda a jikin mai yawan sha. Ko zaman Lokacin Gaskiya. Ko hira da likita, lokacin da kurtu ya kasa jure horo ya buɗe cikinsa. Ko kuma can gaba, sa'ad da aka zo tantance shi don aikin sirri, aka ba shi fom mai lamba SF 86, wanda ke tambayar ko ya taɓa ƙwaya cikin shekara bakwai da suka wuce. A nan ne mutumin da ya yi shekara uku yana aiki ba tare da ko gargaɗi ba zai ga amsarsa ta yau ta ci karo da ta ranar ɗauka. Daga 2022 kuma cibiyoyin tantance masu shiga soja, su 65 a faɗin ƙasar, suka fara amfani da manhajar lafiya ta MHS Genesis, wadda ke janyo tarihin asibiti da na magungunan da aka taɓa rubuta wa mutum. Abin da ake iya binnewa jiya, yau kwamfuta ce ke tono shi kafin a yi rantsuwa.

Dalilin tsananin

Kada a ɗauka rundunar ta tsiri wannan zafin ne haka kawai. A ƙarshen yaƙin Biyetnam shaye-shaye ya yi wa sojojin Amurka katutu, har gwamnatin Nixon ta fara gwajin fitsari ga masu dawowa daga fagen daga a 1971. Binciken Ma'aikatar Tsaro na 1980 ya nuna sama da kashi 27 cikin ɗari na sojoji sun yi amfani da haramtacciyar ƙwaya cikin watan da ya gabaci binciken. Sai daren 26 ga Mayun 1981, lokacin da wani jirgin yaƙi samfurin EA-6B ya faɗi a kan doron katafaren jirgin ruwa mai ɗaukar jirage, USS Nimitz, a gaɓar Florida. Mutum 14 suka mutu, da dama suka jikkata. Da aka binciki gawarwakin, aka samu alamar wiwi a jikin shida daga cikinsu. Ba a ce wiwi ce ta kayar da jirgin ba, amma labarin ya girgiza majalisa da fadar shugaban ƙasa. Babban hafsan sojin ruwa na lokacin, Admiral Thomas Hayward, ya shelanta cewa ba sani ba sabo, kuma daga ƙarshen wannan shekarar aka halatta amfani da sakamakon fitsari wajen hukunta soja.

Wanda ya taɓa ganin yadda ake aiki a doron irin wannan jirgin, ko da a talabijin ne, zai fahimci damuwar. Jirage na sauka da tashi cikin daƙiƙu, ga mai, ga bama-bamai, ga igiyoyin ƙarfe masu iya tsinke ƙafar mutum, kuma yawancin masu aikin ba su haura shekara ashirin da biyu ba. Kwamandan da zai damƙa wa yaro irin wannan amana yana da haƙƙin sanin ko maganarsa abin dogaro ce. Wannan hujjar tana da ƙarfi, kuma duk wanda zai nemi a sassauta wa korarre, dole ya fara amsa ta.

“Shi ya ce in ce a'a”

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren. Wanda ya karanta hukunce-hukuncen kwamitin sake duba sallama, waɗanda ake wallafawa a intanet bayan an goge sunaye, zai yi ta cin karo da magana ɗaya, bakin mutane daban-daban: jami'in da ya ɗauke ni ya sani, na gaya masa, shi ya ce in rubuta a'a.

Jami'in ɗaukar kurata soja ne da aka tura wani ƙaramin ofis cikin gari, aka yanka masa adadin da zai kawo. In ya cika, ya samu yabo. In ya gaza, ya sha matsi daga sama. Neman ɗaga ƙafa ga yaro ɗaya yana nufin ƙarin takardu da jiran makonni, kuma wataƙila a ƙi. Kalmar a'a kuwa nan take ta kashe magana. Ba kowane jami'i ne ke bin gajeriyar hanya ba, amma matsalar ba ƙage ba ce. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya fitar da rahoto a 2006, ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, inda ya ce zarge-zargen saɓa ƙa'ida a kan jami'an ɗaukar dukkan rundunoni sun tashi daga kusan 4,400 a 2004 zuwa kusan 6,600 a 2005, waɗanda aka tabbatar kuma daga ɗari huɗu da 'yan kai zuwa sama da ɗari shida. Dokar soja ma ta san da wannan: sashe na 104b ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar ga wanda ya shigar da mutumin da ya san bai cancanta ba.

Amma maganar da aka yi cikin mota, ko a bakin ƙofar ofis, wa ya rubuta ta? Jami'in ya daɗe da komawa jirginsa ko ya yi ritaya. Abin da ya rage cikin fayil shi ne fom mai ɗauke da a'a da sa hannun yaron, wani lokacin har sau uku ko huɗu a takardu daban-daban, ƙarƙashin gargaɗin cewa ƙarya laifi ce. Kwamitin kuwa yana aiki ne da ƙa'idar da ke cewa duk abin da gwamnati ta yi, ana ɗaukarsa daidai ne har sai mai ƙorafi ya kawo gamsasshiyar hujjar da ta rushe shi. Maganar baki ita kaɗai ba ta isa. Saboda haka amsar takan zo iri ɗaya: babu shaida a fayil, mai ƙorafi ma bai kawo ba, an ƙi.

Abin da ya fi ɗaure kai a tsarin shi ne wanda yake kamawa. A ce yara biyu suka zo mota ɗaya, dukansu sun sha, dukansu sun ɓoye. Ɗaya zuciyarsa ta kasa ɗauka, ya miƙe a zauren. Ɗayan ya sunkuyar da kai ya yi gum. Na farkon yana iya komawa gida da tambarin mayaudari. Na biyun, in fitsarinsa ya fita fes, yana iya shekara ashirin ya yi ritaya da lambobin yabo. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a wannan zauren sau da yawa wanda ya fito daga ramin da ƙafarsa shi ake kamawa. Kuratan da ke bayansu suna gani, suna kuma ba ƙannensu labari.

Ƙofofi biyu

Korarren da ke son a gyara masa takarda yana da wurare biyu na zuwa, kuma dukansu tsofaffi ne. Na farko shi ne Kwamitin Sake Duba Sallamar Sojojin Ruwa, NDRB, mai ofis a tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa ta birnin Washington. Asalinsa dokar 1944 ce ta kula da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Yana duba na sojojin ruwa da na sojojin kundumbala, wato Marin. Ana cika fom DD 293, ba a biyan ko sisi, amma dole a shigar cikin shekara 15 daga ranar sallama. Ba ya taɓa hukuncin babbar kotun soja. Mutum yana da dama biyu: a duba takardunsa ba ya nan, sannan in bai gamsu ba ya nemi bayyana da kansa, shi kaɗai ko da lauya. Masu ba da shawara kan ce a fara da ta takarda, don kada a ƙona damar biyu a tashi ɗaya. Kwamitin ba ya iya mayar da sallama ta fi yadda take muni, don haka wanda ya nema bai yi asarar komai ba sai lokaci.

Tambaya biyu kwamitin yake yi. Ta farko, an bi ƙa'ida? Wato an sanar da shi, an ba shi haƙƙinsa, wanda ya sa hannu a korar yana da ikon yi, kuma abin da ya ɓoye ɗin ya kai ya hana a ɗauke shi? Ta biyu, an yi adalci? A nan ake auna shekarunsa, yadda ya yi aiki, ko hukuncin ya yi daidai da wanda aka yi wa irinsa, da kuma ko dokar yau da ta fi sassauci za ta ba da wani sakamako dabam. Akwai jimlar da kusan kowace wasiƙar ƙi take ɗauke da ita: kwamitin ba shi da hurumin gyara sallama don kawai mutum ya samu aiki ko gurbin karatu. Abin tausayi shi ne, wannan ne ainihin dalilin da ke kawo mafi yawan masu nema. Mutum zai rubuta cewa ya nemi aikin ɗan sanda ko na kashe gobara an ƙi shi saboda gida na 28, yana da iyali, a taimaka. Bai san cewa da wannan roƙon ya rubuta wa kansa amsar ƙi ba.

Ƙofa ta biyu ita ce Hukumar Gyara Bayanan Sojojin Ruwa, BCNR, da ke Arlington a jihar Virginia. An kafa irinta ne bayan dokar 1946, lokacin da majalisa ta gaji da zartar da ƙudiri na musamman kan kowane soja ɗaya da aka zalunta. Mambobinta manyan ma'aikatan farar hula ne, aƙalla uku a kowane zama, kuma ikonta ya fi faɗi: tana iya gyara duk wani kuskure ko zalunci a fayil, har da lambar hana sake ɗauka. Fom ɗinta DD 149. A ƙa'ida shekara uku ne wa'adi daga ranar da mutum ya gano kuskuren, amma tana da ikon yafe jinkiri in adalci ya buƙaci haka, shi ya sa waɗanda aka kora tun shekarun 1980 har yau suke rubuto mata. Doka ta ce ta gama kashi 90 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafe cikin wata goma, sauran kuma kada su wuce wata 18. Wanda duka biyun suka ƙi shi yana iya zuwa kotun tarayya cikin shekara shida, ko da yake alƙalai ba su cika son yi wa soja katsalandan a harkar ma'aikatansa ba.

Me ake samu in an yi nasara? Wanda aka kora a makonnin farko da wuya a mayar masa da tasa ta girmamawa, don ƙa'ida ta ce bai daɗe ba balle a auna aikinsa. Abin da ya fi yiwuwa, kuma ya fi amfani, shi ne a goge dalilin. A cire maganar yaudara da ƙwaya, a rubuta cewa an sallame shi bisa ikon Sakataren rundunar, kalaman da ba sa nuna laifin kowa. Wani lokacin a mayar da shi shiga bisa kuskure, wanda ke nufin ba da gangan ba ne. Ga mai neman aiki, wannan layin ɗaya ya fi komai.

Iska ta fara juyawa

Tun 1971 Sakataren Tsaro Melvin Laird ya ba da umarnin a sake duba sallamar waɗanda aka kora da muni don kawai sun sha ƙwaya, ke nan sassauci ba sabon abu ba ne. Amma canjin da ake gani yanzu ya faro ne daga 2014, lokacin da Sakatare Chuck Hagel ya umarci hukumomin su riƙa kallon masu ciwon firgicin yaƙi da idon rahama. Wata takardar umarni ta Ma'aikatar Tsaro ta 2017 ta faɗaɗa wannan zuwa sauran larurorin ƙwaƙwalwa da cin zarafi. Wadda ta fi shafar masu laifin ɓoye shaye-shaye ita ce wadda jami'in ma'aikatar, Robert Wilkie, ya fitar a Yulin 2018. Ita ce ta ce a duba gaskiyar mai nema da nadamarsa, ƙuruciyarsa lokacin da abin ya faru, tsawon lokacin da ya wuce, da irin rayuwar da ya yi bayan nan. Ta ma kawo misali da wiwi kai tsaye: har yanzu haramun ce a soja, amma tun da wasu jihohi sun halatta ta, ana iya ganin nauyinta bai kai na shekarun baya ba.

Kwamitin sojin ruwa ya yi suna wajen taurin hannu. Tyson Manker, tsohon sojan Marin da ya yi yaƙin Iraƙi a 2003 aka kuma kore shi kan wiwi, ya kai ƙara kotun tarayya a Connecticut a 2018 tare da ɗaliban lauya na Jami'ar Yale, a madadin dubban irinsa. Ƙarar ta yi zargin cewa a ƙorafe-ƙorafen da suka shafi larurar ƙwaƙwalwa, kwamitin sojin ƙasa yana amincewa da kusan rabi, na ruwa kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. A 2022 kotu ta amince da sulhu: rundunar ta yarda ta sake duba tarin hukunce-hukuncen baya, ta kuma ba da damar sauraro ta bidiyo, wanda ya sauƙaƙa wa talakan da ba shi da kuɗin jirgi da masauki zuwa Washington.

A waje kuma ƙasar ta canza. Jihohin Colorado da Washington suka fara halatta wiwi don nishaɗi a 2012, yau jihohi sama da ashirin sun bi sahu. Illinois kanta, inda barikin Great Lakes yake, ta halatta daga 1 ga Janairun 2020, har kurtu yana iya wuce shagon sayar da ita mai lasisi a hanyarsa daga filin jirgi. Afuwar da Shugaba Biden ya yi a Oktoban 2022 ga waɗanda aka kama da 'yar wiwi a ƙarƙashin dokar tarayya ba ta haɗa da hukuncin soja ba. Abin da ya fi tausasa rundunar shi ne ƙarancin mutane. A shekarar kuɗi ta 2023 ta nemi kurata 37,700, ta gaza da kusan dubu bakwai. Cikin Fabrairun 2024 Admiral James Waters ya bayyana cewa wanda fitsarinsa ya nuna wiwi a daren isowa ba za a kore shi kai tsaye ba; in ya amsa, aka tantance shi aka ga ba shi da wata matsala, ana iya barinsa ya ci gaba. Sauran ƙwayoyi ba sa cikin wannan rangwamen.

Ke nan abin da ya jawo wa wani tambarin mayaudari a 2005 ko 2015, ƙaninsa yana iya tsallake shi yau da 'yar hira da likita. Ga masu neman gyara wannan hujja ce mai kyau, don ƙa'idar kwamitin da kanta ta yarda a duba ko tsarin yau zai ba da wani sakamako. Amma ba a gyara wa kowa takarda don kawai zamani ya canza. Sai ya nema.

Akwai wani rukuni da abin ya fi yi wa nauyi, kuma ya shafi 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a Amurka. Mai katin zama na dindindin yana iya shiga sojan ruwa, kuma da yawa suna shiga ne don hanya ce mai sauri ta zama ɗan ƙasa. Sharaɗin shi ne aikin ya kasance na girmamawa. Wanda ya samu takardar ɗan ƙasa ta wannan hanyar, sannan aka kore shi da sallama ƙasa da girmamawa kafin ya cika shekara biyar, doka ta ba da damar a ƙwace ta. Ƙari a kan haka, amsa laifin ta'ammali da ƙwaya a rubuce yana iya dawo wa baƙo a ofishin shige da fice, ko da jihar da yake zaune ta halatta, domin dokar tarayya ake bi a can. Ɗan ƙasa aiki zai rasa. Baƙo kuwa har zamansa a ƙasar yana iya shiga garari. Irin wannan bai kamata ya sa hannu a takardar yafe haƙƙi ba kafin ya ga lauyan da ya san dokar baƙi.

Waɗanda suka yi nasara, in aka duba, hanyarsu kusan ɗaya ce. Ba su musanta abin da ke rubuce ba. Sun nemo cikakken fayil ɗinsu, sun karanta shi shafi-shafi, sun nuna inda aka tsallake ƙa'ida in akwai. In sun ce jami'in ɗauka ne ya sa su, sun kawo wanda ya ji da kunnensa, uwa ko aboki, ya rubuta bisa rantsuwa, ko saƙon waya da ya tsira. Sun haɗa da takardar 'yan sanda mai nuna ba su da laifi, shaidar aiki ta shekaru, sakamakon makaranta, takardar gama jinya in sun yi. Kuma sun faɗi takamaiman gidan da suke so a gyara da abin da za a rubuta a ciki. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da sassan taimakon shari'a na jami'o'i suna yin wannan aikin kyauta.

Rundunar tana da gaskiya da ta ƙi riƙe wanda ba ta yarda da maganarsa ba. Ba wanda ke da haƙƙin dole sai ya sa kaki. Inda ta wuce gona da iri shi ne barin kalmar yaudara a takardar ɗan shekara sha takwas har abada, musamman wanda da bakinsa ya tona kansa, alhali jami'in da ya nuna masa inda zai sa hannu ba a ko tambaye shi ba. Wanda ya miƙe a zauren nan da kansa, ya kuma yi shekaru ba a sake jin sa da wani laifi ba, ya cancanci a goge masa gida na 28 ba tare da an sa shi kawo shaidar hirar da aka yi shekara goma da suka wuce ba.